Dariyar Lurwanu Mai Kyamara

Ku matso kusa. Muntari, rage fitilar nan, ba karatu za mu yi ba. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya tashi ya bi uwarsa ɗaki tun yanzu, don wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin da abin ya faru da shi yana nan da ransa a garin nan.

Sunansa Lurwanu. Gari na ce masa Lurwanu Mai Kyamara, shi kuwa Injiniya yake so a kira shi. Injiniyan ina? 'Yan watanni ya yi a Kaduna yana riƙe wa wani tsani, ya dawo mana Funtuwa da jaka a kafaɗa da baƙin tabarau, yana tafiya kamar ƙasar ba ta isa ya taka ta ba. In ka gaishe shi da hanci yake amsawa. Kowa a wurinsa baƙauye ne.

Aikinsa kafa kyamarori a gidajen masu hali da manyan shaguna. Zai ja kebul daga kowace kyamara zuwa wani ɗan baƙin akwati da suke ce wa rikoda, mai naɗe duk abin da kyamarorin suka gani. Daga nan sai ya haɗa rikodar da intanet, yadda mai gida ko yana Makka zai buɗe wayarsa ya ga tsakar gidansa. To, a wajen haɗawar nan mugun halinsa yake. Zai ba mai gida lambar sirri, ya ce kada ya gaya wa kowa. Sannan a ɓoye ya buɗe wa kansa wata ƙofa da tasa lambar. Duk gidan da ya taɓa yi wa aiki yana cikin aljihunsa.

Da yamma sai ya zo teburin Isiyaku mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fito da waya. 'Yan zaman banza su kewaye shi. Ya nuna musu wani babban ɗan kasuwa yana lashe miya har gwiwar hannu. Ya nuna musu wani mai gadi yana tiƙar rawa shi kaɗai a bakin get. Ya nuna musu wani da gari ke tsoro, matarsa na zazzaga masa faɗa yana sunkuye kamar yaro. Su yi ta ƙyaƙyatawa. Dariyar Lurwanu ta fi ta kowa, wata irin dariya mai fita ta hanci, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Mutanen da suka ba shi amana, suka shigar da shi har ɗakunansu, su ne abin shan shayinsa.

Akwai wani Alhaji Na'Allah, dillalin takin zamani, da ya gina katafaren gida can yamma da gari. Wurin a da kududdufi ne, tsoho, tun na kakanni. Aka yi ta zuba masa shara da ɓaraguzai har ya cike, aka yanka filaye aka sayar. Lurwanu ne ya kafa kyamarorin gidan. Ɗaya ya ɗora ta a baya, tana kallon wani siririn lungu tsakanin bangon gida da katanga. Ba ƙofa a lungun. Ba taga. Ko kyanwa ba ta bi ta nan.

Wata rana yana shago ba ciniki, rana ta take, yana ta leƙa gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya don ya kashe lokaci. Ya zo kan lungun nan. Sai ga tsohuwa.

'Yar ƙarama, ta ranƙwafa, da baƙin zane na saƙi irin wanda aka daina ɗaurawa. Ƙwarya a kanta. Tana tafe a hankali tana dafa bango. Ta kai tsakiyar lungun, ƙafarta ta zame. Ta faɗi ta baya. Ƙwaryar ta yi gefe tana gangarawa, zanen ya yaye har gwiwa. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Ta daɗe tana haka. Daga ƙarshe da rarrafe ta bi ƙwaryarta.

Ɗan halak in ya ga haka salati zai yi. Lurwanu dariya ya yi har da hawaye. Ya yanke wurin ya adana.

Da yamma ya kai teburin shayi. Aka kalla, aka maimaita, ana riƙe ciki. Isiyaku mai shayi ya leƙo sau ɗaya ya kawar da kai.

"Injiniya, ta ina ta shiga?"

"Me?"

"Lungun nan. Kai ka ce ba ƙofa."

"Katanga ta haura mana. Ko ɓarauniya ko mahaukaciya."

"Wannan tsohuwar? Katangar da aka yi wa waya mai ƙaya?"

"Kai dai zuba shayi, Isiyaku. Abin da ya fi ƙarfin butarka ka bar wa masu ilimi."

Isiyaku ya koma kan butarsa. Lurwanu kuwa har kiɗa ya ɗora wa hoton, yadda faɗuwar za ta zo daidai da bugun ganga, ya tura wa abokai. Kafin a jima tsohuwar tana faɗuwa a cikin wayoyin rabin gari.

Ba a daɗe ba, wata Juma'a, da zafin bazara. Kowa ya wuce masallaci, titi ya yi tsit. Lurwanu yana shago, ya ce sai huɗuba ta yi nisa zai tafi, kamar yadda ya saba. Sai hasken ƙofa ya ragu.

Wani dogon mutum ne a tsaye. Farar riga, tsohon ɗinki, fes da ita. Amma bakin rigar a jiƙe yake sharkaf, yana ɗiga. A bazarar da ko kwata ta bushe.

Bakin mutumin ya motsa. Ya rufe. Sannan sallamar ta iso.

Lurwanu ya san irin wannan. In sabis ya yi rauni, hoto kan riga murya. Amma a waya ake ganin haka, ba a mutumin da ke tsaye gabanka ba. Ya sosa kunne, ya ɗora laifin a kan ƙarar fanka. Ya dubi mutumin sama da ƙasa, ya ce a ransa, wani baƙauyen ne ya sayar da hatsi.

"Malam, lafiya? Mun tashi."

Baki ya motsa. Shiru. Murya ta biyo.

"Kai ne Injiniya?"

Nan take ya gyara zama. Ba kullum ake kiransa haka ba tare da ya roƙa ba.

"Ni ne. Kyamara za a kafa?"

"Idanun suna nan. Haɗawa ta rage."

"Wa ya kafa muku?"

"Sun daɗe."

"Kun san dai aikina ba na kowa da kowa ba ne."

"Za a ba ka abin da ya dace da kai."

Wawan ya ji wannan magana ya yi murmushi. Ya ɗauki jaka, ya cusa kwamfutarsa da kebul da filaya, ya rufe shago. Ana ta kiran salla, ko a jikinsa. Ya tada mashin ya ce wa mutumin ya hau.

"Je ka. Bayan layin dogo. Ina gaba."

Lurwanu ya taɓe baki ya ja mashin. Ya kai kwanar farko, sai ga mutumin a tsaye a inuwar wani shago, ya miƙa hannu yana nuna hagu. Ya ce a ransa wataƙila ɗan'uwansa ne, ai ƙauyawa duk kamarsu ɗaya. Ya tsallaka layin dogo. Ga shi kuma a tsaye, yana nuna wata 'yar hanya da ta bi bayan tsohon siton auduga. Rigar na ɗiga. Inda ya tsaya ƙasa ta yi baƙi.

Nan ne ya kamata ya juya. Hannunsa har ya kama birki. Amma ya tuna me za a ce a teburin shayi in aka ji Injiniya ya gudu daga aiki saboda jiƙaƙƙiyar riga. Girman kai ya tura shi gaba.

Hanyar ta yi ta sirancewa. Gidaje suka ƙare. Ba kuka ko na tsuntsu. Can sai ga gida shi kaɗai a fili, dogon bango, sabon fenti. Ba sawun mota a ƙofarsa, ba na mutum. Ya ɗaga kai ya duba, don idon mai sana'a ne: ba turken wuta kusa, ba waya ko ɗaya da ta shiga gidan. Ba ƙarar janareta.

Mutumin yana bakin ƙofa.

"Shigo."

Ciki sanyi ƙalau. Ba sanyin fanka ba, sanyin ƙasan rijiya. Da wani wari na laka da ruɓaɓɓen ganye. Suka bi wani dogon soro suka faɗa wani falo mai faɗin gaske. Ba kujera, ba tabarma, ba labule. Tebur ɗaya ne a tsakiya. A kansa ga rikoda, ga talabijin, ga rauta, wato ɗan akwatin nan mai raba intanet. Duka a kunne. Ya taɓa rikodar, ya ji danshi a tafin hannunsa.

"Malam, ruwa na taɓa kayan nan. Za su lalace."

"Yi aikinka."

Ya ajiye jaka. Ya ce bari ya gama da sauri ya fita. Ya zaro shuɗin kebul, ya soka baki ɗaya a bayan rikoda, ɗayan a jikin rauta. Ƙas. 'Yar fitila koriya ta fara ƙiftawa. Ya buɗe kwamfutarsa ya hau layin gidan don ya nemo rikodar. A gidajen mutane abin da yake tararwa a kan layi bai wuce wayar mai gida da ta matarsa ba. Nan kuwa layin cike yake maƙil, kamar ranar kasuwa. Falo ba kowa, amma layi ba masaka tsinke.

 Ya lalubo rikodar da ƙyar, ya ba ta adireshi, ta amsa. Saura lambar sirri.

"Wace lamba za a sa muku?"

Yana kallon kwamfuta, bai ga motsin bakin ba. Muryar kawai ya ji, dab da ƙeyarsa.

"Sa taka."

"Tawa kuma?"

"Wadda kake buɗe wa kanka. Ta gidan Na'Allah. Ta gidajen duka."

 Ba wanda ya san lambar nan, ko matarsa. Ya so ya ce bai gane ba. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar mutumin, ƙaryar ta maƙale. Ba fushi a fuskar. Irin kallon da ake yi wa abin da aka tako a hanya ne.

Ya buga lambar.

Talabijin ta yi fari, ta yi baƙi, sannan ta rabu gida huɗu.

Gidan farko shagonsa ne, a rufe, daga ciki. Bai taɓa kafa kyamara a shagonsa ba.

Na biyu teburin Isiyaku, ba kowa, an kife kofuna.

Na uku falon nan ne da yake ciki, daga sama. Ya ga tebur. Ya ga kansa a sunkuye. Ya ga dogon mutumin a bayansa. Sannan ya ga sauran.

Falon cike yake. Maza, mata, tsofaffi, yara. Sahu-sahu a zaune a ƙasa, tun daga bango har gindin teburin. Wasu a kan wasu. Wani yaro mai dogon wuya ya ɗora haɓa a kan jakarsa. Ba mai motsi. Duk shi suke kallo.

Ya waiga da sauri. Fili fetal. Siminti da bango.

Ya dawo da ido kan talabijin. Sun matso.

Bakinsa ya kama karatu da kansa, abin da ya tuna tun na allo. Yana yi yana sarƙewa. Dogon mutumin ya saurara har ya kai ƙarshe.

"Ka tsallake aya. Mu ma muna karantawa. Mun fi ka kiyayewa. Yanzu haka da muna masallaci, ba don kai ba."

"Ranka ya daɗe, don Allah..."

"Dubi na huɗu."

Tsakar gidansa ce. Ga igiyar shanya, ga turmi, ga rijiya. Matarsa Marsiyya tana wanki a bakin rijiyar, ta ture murfin gefe don tana jan ruwa. 'Yarsu Safara'u, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana wasa da murfin kwano kusa da ita.

A ɗaya gefen rijiyar kuma, a ƙasa, ga tsohuwa zaune. Baƙin zane na saƙi. Ƙafa ɗaya a miƙe, an ɗaure ta da tsumma. Ƙwarya a cinyarta, an ɗinke inda ta tsage. Marsiyya na wucewa ta gabanta, ba ta ganinta.

"Inna ce," in ji mutumin. "Ita ta haife ni. Tun kafin a kafa garinku take shanya a wurin nan. Kuka zo kuka zuba mana shara, ba ta ce komai ba. Kuka yi gini a kanmu, ta matsa lungu. Ta faɗi, ƙashinta ya goce. Kai kaɗai ka gani."

"Wallahi ban san..."

"Ka san tsohuwa ce."

Lurwanu ya sunkuyar da kai.

"Yi mana."

"Me zan yi, ranka ya daɗe?"

"Dariyar. An ce ka iya. Inna ba ta ji da kunnenta ba, labari aka kai mata. Jama'a sun taru."

"A yi haƙuri. A gafarce ni."

"Yi."

A talabijin, murfin kwanon ya kuɓuce wa Safara'u. Ya gangara ya tsaya a bakin rijiya. Yarinyar ta miƙe tana tangaɗi.

Ya buɗe baki. Wani abu ya fito kamar kukan akuyar da aka shaƙe.

"Ba haka ka yi ba. An ce har da hawaye."

Hawayen dai ga su nan. Ya sake gwadawa. He. He. A gida na uku na talabijin ba wanda ya motsa. Wata mata a sahun gaba ta kawar da kai ta tofar da miyau.

Safara'u ta yi taku ɗaya. Ta yi na biyu. Uwarta na gefenta, amma ta ba ta baya tana matse zane.

Dabara ta zo masa, irin dabararsa. Ya zaro waya ya kira Marsiyya, ya ce zai gaya mata ta waiga. Ba wanda ya hana shi. Kiran ya shiga. Yana kallo Marsiyya ta ɗaga kai, ta saurara. Wayarta na ɗaki a caji. Ta yarfe kumfa daga hannunta, ta goge a zane, ta tashi ta shige ɗaki.

Ta bar yarinyar da buɗaɗɗiyar rijiya. Shi ya janye uwar da hannunsa.

"Salamu alaikum, Baban Safara'u?"

"Rijiya! Marsiyya, rijiya! Fita, yarinya!"

Bakinsa ya furta. Ya ji maƙogwaronsa na yagewa. Amma ba sauti. Muryarsa ba ta iso ba.

"Baban Safara'u? Ba na jin ka. Sabis ɗin nan dai!"

Ta kashe.

Yarinyar ta kai bakin rijiya. Ta sunkuya ta kai hannu ga murfin kwanon, ya zame ya faɗa ciki. Ta leƙa tana nemansa. Ta ɗora ciki a kan bakin. Ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Ɗayar ma ta bari.

Lurwanu ya zube a gwiwa, ya rungumi ƙafar tebur. Injiniya guda.

Tsohuwar ba ta tashi ba, ƙafar ba za ta bari ba. Hannu kawai ta miƙa. Hannun ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ya tsallake bakin rijiyar gaba ɗaya, ya kama rigar yarinyar ta baya. Ya ɗaga ta cak. Ya kai ta gindin turmi ya zaunar a hankali, har da gyara mata riga. Sannan ya dawo ya ja murfin rijiyar ya rufe.

Tsohuwar ta ɗaga kai. Ta dubi Lurwanu ido cikin ido ta cikin gilashin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce wani abu gajere. Ta ɗauki ƙwaryarta.

"Ka ji abin da ta ce?"

Ya girgiza kai.

"Ta ce, ashe wannan ne. Ta ɗauka wani abin kirki ne."

Talabijin ta mutu. 'Yar koriyar fitilar ta mutu. Falon ya yi duhu-duhu.

"Da mun so riƙe ka, da ka kwana nan har ƙarshen kwananka. An duba, ba mai son ka a gidansa. Tashi."

Ya miƙe da ƙyar, wandonsa a jiƙe, kuma ba ruwan gidan ba ne. Ya nufi ƙofa.

"Tsaya. Ba ma cin gumin ma'aikaci."

"Na yafe. Wallahi na yafe."

"Mu ba mu yafe ba."

Mutumin ya sunkuya ya matse bakin rigarsa a tafin hannu. Ya tsoma babban yatsa. Ya dangwala a idon Lurwanu na hagu. Sanyin ya ratsa har ƙeya.

"Kana son gani. Ga shi nan, ba kebul, ba lamba."

Lurwanu ya ƙifta. Da idon dama, falo ba kowa. Da na hagu, ga su nan, ba ta talabijin ba, a gabansa, har yana ganin laka a farcensu. Suka dare masa hanya kamar yadda ake dare wa mai ɗauke da ƙazanta, kowa na janye rigarsa kada ta taɓa shi.

Ya fita da gudu. Jaka, kwamfuta, mashin, duk bai bi ta kansu ba. Sau ɗaya ya waiga. Idon hagu ya ga gida da mutane cike da ƙofa. Idon dama ya ga busasshen fili da wani tsohon rami da ciyawa ta rufe.

A ƙafa ya iso gida, takalmi ɗaya. Marsiyya na tsakar gida rungume da yarinya.

"Baban Safara'u, me ke faruwa? Ka kira ka yi shiru. Na kashe na ajiye wayar, har na juya, sai ga muryarka na fitowa daga cikinta, kana ihu, rijiya, rijiya. Waya a kashe! Na fito da gudu na tarar da ita zaune gindin turmi, rijiya a rufe. Ni ban rufe ba."

Ya karɓi yarinyar ya juya ta. A bayan rigarta ga shatin hannu na laka, bai bushe ba. Yatsun sun fi na kowane mutum tsawo.

Ya ɗaga kai. A kan katangar gidansa ga wasu a jere sun zuro ƙafafu. Ɗaya na kan rufin kicin. Ɗaya a bakin ɗakinsa, ya jingina da ƙyaure kamar ya shekara a nan. Ba su yi masa komai ba. Kallo kawai, da wannan taɓe bakin.

Tun ranar bai sake zama shi kaɗai ba. A ɗaki suna nan. A masallaci suna nan, sun riga shi sahun gaba. Ko banɗaki ya shiga, akwai mai juya masa baya don ƙyama. An kai shi wurin malamai, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Wani dattijon malami ya dube shi ya ce, "Ba su shige ka ba balle a fitar da su. Ido ne aka ba ka. Ni ban san yadda ake mayar da kyauta irin wannan ba."

Da kansa ya bi gidajen da ya yi wa aiki don ya toshe ƙofofin da ya buɗe, ko za a sassauta masa. To, ba ya yiwuwa ka toshe ba ka faɗi abin da ka yi ba. Wani ya mare shi a gaban 'ya'yansa. Wani ya sa aka fitar da shi da sanda. Alhaji Na'Allah bai taɓa shi ba, ya dai sa an sauke kyamarar baya a ranar, ya hana kowa zuba shara kusa da lungun. Sana'a ta mutu murus. Wa zai sake shigar da shi gidansa? 'Yan teburin shayin da ke riƙe ciki a gefensa su suka fara yi masa dariya a titi. Kada ku ce Allah sarki. Marsiyya ce abar tausayi, da ta zauna da shi.

Yanzu rake yake sayarwa a bakin tasha. In kun ga mai rake da tsumma ɗaure a idon hagu, shi ne. Ba ya dariya. Ko yaro ya faɗi a gabansa, shi ke fara rugawa ya ɗaga shi, yana waige-waige kamar mai jiran a yaba masa. Ba a yaba ba har yau.

Don haka ku ji da kyau. Hanyar nan ta bayan tsohon siton auduga, kada wanda ya bi ta shi kaɗai, balle rana tsaka. Ko aiken wa aka yi muku, ku zaga ta titi.

A bara Lurwanu ya zo gidan nan neman addu'a wurin Baba. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Yana shigowa iska ta ɗaga tsumman. Ya durƙusa ya gaida Baba. Sannan ya juya can, gindin randa, ya ƙara durƙusawa har ƙasa, ya gaida wani. Ya jira aka amsa masa, sannan ya tashi.

Eh, Sadiya, nan inda kike zaune. A'a, kada ki zabura, ba sa son hayaniya. Tashi a hankali. Ki ce a gafarce ki, sannan ki wuce.